Tsakuwa Biyu a Kofi Ɗaya

Yayata duba-gari ce, ni kuma Allah ya jarrabe ni da shagon kayan abinci a yankin da aka ba ta. Shekara ashirin da biyu tana wannan aiki, kullum da tocila a jaka. Ba ruwanta da abin da ka jera a gaba. Durƙusawa take yi, duk da ciwon gwiwarta, ta zura hannu can ƙuryar kanta ta zaƙulo gwangwanin da kai ma ka manta da shi. Ko ruwa ka ba ta sai ta haska. Masu shaguna "Tocila" suke ce mata, in na ji sai in yi kamar ban san ta ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kofinta. A kowace firiza takan ajiye kofin ƙanƙara da tsakuwa a sama. In firizar ta narke, tsakuwar za ta nutse, ko da ruwan ya sake daskarewa. Duk wanda ta tarar da tasa a ƙasa, rufe shago ne na mako biyu.

To, ni nakan kashe tawa ranar da ba na fitowa, don wuta ta yi tsada. Da na ga tsakuwar ta nutse, sai na tsinto wata a bakin titi na ɗora. Har ina yaba wa kaina dabara.

Ranar da ta zo, ta ɗaga kofin ta haska gindinsa.

"Auta, guda nawa na saka?"

"Ɗaya, Yaya."

"To, haihuwa ta yi?"

Na ce, "Haba Yaya, ciki ɗaya muka fito! Ki rufa mini asiri mana."

Ko ɗagowa ba ta yi ba, rubutu kawai take yi. Ta sa na kwashe kajin da kifin duka, aka zubar. Ta liƙa takarda a ƙofa, ta danna kwado, maƙwabta na leƙe. Takaici kamar in fashe. Na ce mata aiki ya cinye mata zuciya.

Ta mayar da tocilar jaka, sannan ta dube ni.

"Kazar da kake kai wa Mama duk mako, daga wace firiza kake ɗaukowa?"

Firiza ɗaya ce gare ni. Kwanan Mama uku ke nan a gadon asibiti da ciwon ciki, kuma ni na kai ta can.