Ranar Da Surukina Ya Juya Baya

Shekarun baya, wata damina ruwa ya cinye hanyar ƙauyen su matata, can bayan Aderbissinat, kuma pompon rijiyarsu ya mutu. Dabbobi suka fara faɗuwa saboda ruwan tabki da suke sha. Surukina ya sha wuya kafin ya iso Agadez neman sabo. Pompo ya samu, amma babu kamiyon ɗaukar kaya da zai iya kai shi. Daga ƙarshe soji suka yarda su kai da jirgi mai saukar ungulu.

Lokacin ina aikin lodi a sansaninsu. Kayan ba su shiga cikin jirgin, sai a ɗaure su a raga, jirgin ya tsaya a iska saman kanka, ka maƙala zoben igiyar a ƙugiyar da ke cikinsa. Ranar cikin leburorin ni kaɗai ne na taɓa yin wannan aikin.

Sarjan ya dube ni ya ce, "Cire rawanin nan. Iska za ta warware shi, in ya hau farfela mun tafi duka."

Na san da haka, kullum cirewa nake. Amma ga surukina tsaye a bakin fili, ya zo ganin yadda ƙarfe ke ɗaukar ƙarfe. A wajensu namiji ba ya buɗe kai da baki gaban surukinsa. Tun da na auri ƴarsa ko shayi ban taɓa sha a gabansa ba. Sai na tsaya ina murza bakin rawani kamar sabon ango, jirgi kuwa yana ta ruri.

Tsohon ya tambayi na kusa da shi me ake jira. Aka faɗa masa. Ya juya ya fuskanci katanga.

Na cire, na sa hular kwano, na shiga ƙarƙashin jirgin. Aka taɓa ƙugiyar da sandar da ke zubar da wutar lantarkin da jirgin ya tara, na maƙala, na ruga. Raga ta ɗaga, kowa ya ɗaga kai.

Har jirgin ya ɓace bai waiwayo ba. Da ƙara ta lafa ya ce, "Yarona, ka naɗa?"

Na ce na naɗa, Baba.

"To, ba ni labari. Yaya ya ɗauka?"

Na daɗe ina ɗauka kunya aikin ƙarami ne shi kaɗai, ashe babba ma yana riƙe da nasa gefen. Ya rasu bai taɓa ganin jirgi ya ɗauki kaya ba, kuma har yau in na ji ƙarar farfela bayansa nake tunawa.