Gilashin kyamarata a bangon mai gida

Shekarun baya, lokacin da kuɗin fetur suka shigo gari, kowa yana son hotonsa jingine da sabon babur, mahaifiyata ta sayar da gonarta ta Roni ta saya mini kyamara da kayan wankin hoto. Na yi mata alƙawarin fanso gonar. Na kama hayar soron ƙasa a Kazaure, a gidan aminin marigayi mahaifina, ina ta hura hanci.

Wata rana maƙwabcina, malamin asibiti ɗan Kudu, ya ce, "Mai hoto, ɗan inshora yana zuwa daga Kano. Ka yi wa kayanka mana."

Na tuntsire da dariya. "Gidan nawa ne? In ya rushe ai mai gida zai ji da shi."

Ya ce, "Gida nasa, kaya naka."

Ranar kasuwar Gwiwa aka tashi da marka. Don kada kyamarar ta jiƙe sai na bar ta a ɗaki, na tafi raba hotunan da na wanke, wai ni mai dabara. Ina dawowa na tarar rufin ya zauna, azara da ƙasa sun danne komai.

Mai gida ya dafa kafaɗata. "Sannu ɗana, Allah ya tsare ba ka ciki. Ka ga asarar da na yi?"

Na durƙusa na ce, "Allah ya mayar da alheri, Baba." Ni nake masa jaje! Da wane baki zan nemi diyya wurin aminin ubana?

Da damina ta ɗauke, magina suka jiƙa ƙasar da ta rushe, suka yi tubali da ita. Har ni na taya kwaɓa. Ɗaki ya tashi, wani ya shiga. Ni ban sake tashi ba.

Mahaifiyata ba ta taɓa tambayata gonar ba, kuma shirun nan ya fi zagi ciwo. A gonar aro take noma har Allah ya karɓi abinsa.

Kai ɗan haya mai saurarena, in ka ji ina maganar inshora, ba karatu na yi ba. Bangon nan yana nan. In rana ta buge shi, akwai wani ɗan gutsuren gilashi da yake ƙyalli kusa da indararo. Na san ko na mene ne. Abin da ya rage na gonar mahaifiyata ke nan.