Watan da Na Gaishe da Inna a Tsaye

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Daura ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta kama sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta aikena kai tsaye. In tana so in ɗebo ruwa, sai ta dubi randa ta ce, "Gidan nan dai babu mai ganin ruwa ya ƙare." Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Gwaggo, yayar Baba, wadda ta dawo gida da zama bayan rasuwar mijinta. Ita ta goya ni, ita ta dake ni, ita ke cika baki da ni a gidan biki. Abu ɗaya tak ya rage tsakanina da wadda ta haife ni, shi ne gaisuwar safe.

In na dawo daga sallar asuba nakan tarar da ita a bakin murhu, kan 'yar kujerarta, tana dama koko. Sai in tuɓe takalmi, in durƙusa daga gefe, in ce ina kwana. Ita kuma ta amsa wa tukunya, "Lafiya lau. An tashi lafiya?" Daga nan ta ce, "Allah ya yi albarka," can ƙasa-ƙasa kamar kada kaji su ji. Rabona na yini ke nan daga bakinta, kuma da shi nake fita.

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu ina koyarwa a wata firamare a Daura, kullum ina zuwa daga garinmu Sandamu a kan wani tsohon babur mai tari. Gari ya ɗau zafin addini. Mai shayi da kaset ɗin wa'azi, mai faci da nasa, direban bas ma ba ya tashi sai ya saka. Ni ma na rage tsawon wando na saki gemu, ko da yake Gwaggo ta rantse sili bakwai ne, ta ce ta duba da kyau. Bayan la'asar nakan tsaya ɗaukar karatu a wani zaure kusa da kasuwa, wurin wani malami matashi mai sanyin magana, wanda ke son ya warware kalma kafin ya wuce ta.

Wata rana ya zo kan ibada. Ya ce ibada Larabci ce, mu da Hausa bauta muke cewa, kuma bauta ita ce ka kai kanka ƙasa iyakar ƙasa a gaban wanda kake so, kake tsoro, kake sa rai gare shi fiye da kowa. Ya ce ruku'u da sujada na Allah ne shi kaɗai, ya kawo misalin masu kai goshi ƙasa a gaban masu mulki. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ambaci uwa ba, bai ambaci murhu ba. Ni na cike sauran da kaina a kan babur, kafin in iso Sandamu na zama mai fatawa.

Da Gwaggo na fara. Na ji ta tana mita wai ta gaji da bautar gidan nan, na ce, "Gwaggo, ki riƙa cewa wahala. Bauta ta Allah ce."

Ta ajiye tsintsiya ta ƙare mini kallo. "To, ustazu. Ɗan maƙwabtanmu da ya tafi bautar ƙasa fa, ƙasar yake yi wa salla? Auren da kuke cewa ibada ne, ka taɓa ganin na yi alwala kafin in tuƙa tuwo? Wuce ka ba ni wuri, ni na wanke maka kashi."

Na ce jahilci ne ke damunta, amma a zuci na faɗa.

Washegari na shigo daga masallaci, na tsaya ƙiƙam a kan Inna, takalmi a ƙafa, na rangaɗa sallama. Tun da ba na iya doguwar magana da ita, sai na juya wajen ɗakin Gwaggo na ɗaga murya. Na ce durƙusa wa mutum ɗan'uwan ruku'u ne, wanda ya yi da wanda aka yi wa duk suna cikin haɗari ranar gobe. Na ga ludayin Inna ya tsaya cak a cikin tukunya. Ta amsa sallamar kawai. Na tsaya jiran albarka har na ji kunya, na wuce.

Daga ranar ban sake samun ta a zaune ba. Kullum in na shigo tana tsaye, ko tana shanya, ko tana kakkaɓe tabarma, ko dai tana tsaye kawai a jikin bango, kujerar tana gefe babu kowa. A tsaye kuwa tsawonmu ɗaya, fuska na duban fuska, kunya ba ta barin ta ta ce komai. Sai ta amsa sallama ta shige ɗaki. Baba ya fara ƙorafin koko na zuwa da gudaji, yana tambaya ko an canja gero ne.

Na ɗauka fushi take yi. Har wani alfahari na riƙa ji, wai ana jarraba ni a kan gaskiya. Amma in faɗi tsakani da Allah, ina kewar albarkar nan ƙwarai. Sai in hau babur in ji kamar na manta wani abu a gida, in laluba aljihu, alli na nan, makulli na nan. Haka muka kwashe wajen wata guda.

Wata Asabar ina goge babur a zaure, Gwaggo ta shigo ta tsaya a kaina, hannunta na warin man zafi. Ta ce, "Ka san daga ina nake? Daga shafa wa uwarka magani a gwiwa. Matar da sai ta dafa bango take tashi, yanzu da ta ji ƙarar ƙofar zauren nan take zabura ta miƙe, ta bar koko a wuta."

Na ce ai ni ban ce ta tashi ba, in fushi take yi ta yi haƙuri.

"Fushin me? Kai dai karatu ya yi maka yawa, hankali ya yi kaɗan. Cewa ta yi ƙafarka ta saba tun kana ɗan mitsitsi, in ka same ta a zaune wata rana za ka manta ka durƙusa, ka shiga wuta saboda ita. Gara ta rasa gaisuwar. Azumi uku ta yi na tuba a kan gaisuwar da ta amsa a baya. Har tambayata ta yi, wai ashe duk shekarun nan gunki ta zama ba ta sani ba."

Tsumman da nake goge babur da shi ya faɗi daga hannuna. Ban taɓa jin na tsani bakina kamar ranar ba.

Ran Litinin na jira kowa ya watse, na kwashe labari na gaya wa malam. Ya daɗe yana girgiza kai. Ya ce, "Da kake durƙusa mata, kana nufin ita ke rayawa ta kashe?" Na ce a'a. Ya ce, "To ladabi daban, bauta daban. Gaskiya ne malamai sun yi magana a kan sunkuya wa mutum, ni ma na fi son a bari. Amma wa ya ce ka je ka tsaya mata a ka kamar dogari? Kyautata wa uwa ita kanta ibada ce, ita ka zubar ka riƙe gardama. In ranka bai kwanta da durƙuso ba, ka zauna mana. Ban taɓa jin wanda ya kira zama sujada ba."

Da asuba na turo ƙofar zaure a hankali, amma ƙofar nan ba ta da sirri, sai da ta yi kukanta. Na hango Inna ta kai hannu bango, ta fara yunƙurawa. Na yi sauri na tuɓe takalmi, na zube a ƙasa daɓas a gefen murhu, na miƙe ƙafafu. Na rasa wanda zan kalla, sai na kalli tukunya, yadda take yi.

Na ce, "Malam ya ce zama ba bauta ba ne. Ya ce babu laifi a kan kowa, da can ma babu. Ni ne ban fahimta ba."

Ta tsaya rabi a tsaye rabi a zaune, hannu a bango. Daga ƙofar ɗakinta Gwaggo ta ce, "Ki zauna mana, ko sai ya kwanta?"

Inna ta koma kan kujerar a hankali, na ji gwiwar ta yi ƙara. Ta ɗauki ludayi ta ci gaba da damu. Can ta ce wa tukunya, "Wani dai ya zauna cikin toka da farar riga, kuma ba shi ke wanki ba." Ban matsa ba.

Sai ta ce, "An tashi lafiya?" Na ce lafiya lau. Ta ce, "Allah ya yi albarka." Na yunƙura zan tashi, sai na ji ta sake faɗa. Ta kuma faɗa, ludayi na juyawa. Na waiwayi Gwaggo, ta yi mini alama da hannu in zauna.

Gwaggo ta ce, "Ramuwa take yi, na wata guda ne. Kai dai ka amsa."

Na riƙa cewa amin, kaina a ƙasa, hawaye na sauka a kan rigar. Ranar na makara zuwa makaranta, don ban tashi ba sai da ta gama.