Ranar da Gwaggo Ta Shanya Kyamara

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar hoto a unguwar Wunti. Na ɗauki amare, na ɗauki teloli a kan kekensu, har saniya na ɗauka, amma ban taɓa ɗaukar mahaifina ba. Shi Baba, da ka ɗaga kyamara sai ya juya maka ƙeya. Cewa yake mala'iku ba sa shiga ɗakin da aka rataye hoto.

Wata damina ciwo ya kwantar da shi a garin Miri. Na hau babur na je gaishe shi, kyamara a wuya, don daga wajen suna nake. Ya daɗe yana kallonta, sai ya ce, "Miƙo min hulata. Ɗauki ɗaya saboda jikokina. Ɗaya fa." Na miƙa masa hular, na ɗauka.

A hanyar dawowa hadari ya taso. Ƙa'idar sana'armu da damina ita ce leda biyu, sannan tawul, sannan jaka. Ranar leda ɗaya gare ni, ita ma da ɓula. Na cusa kyamarar a ciki, na tura cikin riga, na duƙa a kanta kamar kaza a kan ƙwai. Ruwa kuwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ga shi babu ko rumfar fakewa. Ina jin sanyinsa yana bin ƙirjina zuwa inda take, ba abin da zan iya sai salati.

A wancan lokacin, da fim ake aiki, shi kuwa fim ba ya son haske: in aka buɗe bayan kyamara ba a naɗe shi ba, duk abin da ke kansa ya ƙone. Ya kamata ina isa gida in naɗe shi in cire. Rowa ta hana ni, wai da saura a ciki. Na goge ta, na ajiye a tebur, zazzaɓi ya kwantar da ni.

Sai da hantsi na farka. Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta raine ni kuma take zaune a gidana, ta yi imani duk abin da ya jiƙe rana ce maganinsa. Na fito tsakar gida na tarar da kyamarata a kan faifai, kusa da kuɓewar da ta shanya. Baya a buɗe, fim a waje, har da ɗan dutse ta ɗora masa kada iska ta ɗauke.

"Ɗan nan, cikinta ma duk raɓa," in ji ta. "Na buɗe mata ta sha rana."

Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa ya sani. Ranar ko tari ban yi ba, na tsugunna na kwashe kyamarar da fim ɗin daga kan faifai. Duk da haka na wanke fim ɗin, ya fito baƙi ƙirin.

Da na warke na koma Miri, na roƙi Baba. Ya ce, "Ɗaya muka yi da kai." Ya juya fuska bango. Bai ga kakar shekarar ba.

Bayan sadakar bakwai Gwaggo ta same ni a zaure, idonta a kumbure.

"Ina hoton Yaya? An ce ka ɗauke shi."

Na ce, "Ruwa ne ya ci shi, Gwaggo."

Ta ce, "Ikon Allah. Ga shi kuwa har na shanya ta."

Na ce, "Kin shanya, Gwaggo. Kin yi ƙoƙari."