Jirgin da Kakana Ya Gani, Ni Ma Na Gani

Edita, a lokacin da wannan abu ya faru ni ƙaramin akawu ne a wata ma'aikata a Kaduna, saurayi mai ji da kansa, wando mai faɗin ƙafa da kai cike da suma. A Hayin Banki muke zaune, gidan almajirai masu tsanani, inda zuwa silima yake daidai da shan giya. Ni kuwa duk Asabar ina can, na ce a gida ina aikin ƙarin lokaci a ofis. Kuma ga shi ina neman auren ɗiyar limamin unguwarmu, wanda yake min kallon yaron kirki.

Kakana na wajen uwa tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama. Sojojin da suka dawo kowa da labarinsa na daji da macizai, amma shi labarin jirgi ɗaya ya riƙe. Ya ce da aka ɗebe su daga Ikko cikin ayarin jiragen ruwa, akwai wani da yake musu rakiya. Asalinsa jirgin dakon kaya ne, aka shimfiɗa masa rufi a baje kamar filin idi. A kansa jiragen sama suke tashi da asuba su je farautar jiragen abokan gaba masu tafiya a ƙarƙashin ruwa, in sun dawo su sauka a kansa, ƙugiyar wutsiyarsu ta kama wayar ƙarfe da aka gitta don tsai da su, su naɗe fukafukai kamar kaza, a sauke su cikin cikinsa. Ya ce wata rana iska ta kwashe ɗaya ya faɗa teku, aka tsamo matuƙin yana zagi da Turanci. Bayan yaƙi ya sake ganinsa, an jera gadaje inda jiragen suke kwana, yana mai da sojoji gida. Duk unguwa an san wannan labari, kuma an yi ittifaƙi cewa zafin Bama ya taɓa tsohon. Mutanen da babban ruwan da suka sani shi ne kogin Kaduna, ina za su yarda?

To wata shekara ana duban watan azumi, bayan magariba sai ga kakana ya zo ƙofar masallaci yana haki, ya ce ya ga wata. Liman ya fara shirin aikawa wurin hakimi, sai wani mai shayi ya ce a yi hattara, idon da ya ga jirgin sama ya sauka kan kwalekwale ai zai iya ganin wata ko da rana tsaka. Aka bushe da dariya. Liman ya juyo gare ni, ya ce tunda ni ne ɗan boko kuma jikansa, in faɗa musu tsakanina da Allah, akwai irin wannan jirgi a duniya?

Edita, akwai shi. Na gan shi da idona sati biyu kafin nan a wani fim ɗin yaƙi, har da naɗe fukafukan. Amma na san tambayar da za ta biyo baya ita ce a ina na gani, kuma ga surukin da nake fata ya zuba min ido. Sai na gyara murya na ce a iya karatuna ban taɓa cin karo da shi ba. Na ma ƙara gishiri, na ce jirgin sama sai da dogon titi irin na filin jirgin Mando. Aka ajiye shaidar kakana. Washegari shi kaɗai ya tashi da azumi a unguwa, yara suna bin sa suna buɗe hannuwa suna kukan jirgi, mai shayin nan yana miƙa masa kofi da gangan.

Na samu matar. Bayan biki na kai ta gaishe shi, da ta fita waje sai ya riƙe min hannu yana murmushi, ya ce: "Ja'iri, gyaɗar da kake ci a layi na uku ta yi daɗi? Ni ina bayanka. Sau uku na shiga fim ɗin nan don in gaisa da tsohon abokina." Na tambaye shi me ya hana shi tona ni a gaban liman. Ya ce shi ya riga ya saba da sunan maƙaryaci, ni kuwa ban yi aure ba tukuna.

Har yau ban san ko ya ga watan nan ba, amma jirgi kam ya gani. Ya rasu ana kiransa mai jirgi kan jirgi, ban taɓa tashi na wanke shi daga zargin ƙarya ba, kullum ina cewa sai gobe. Yanzu jikokina suna nuna min irin jiragen a waya, su yi ta mamakin abin da yake sa ni dariya da hawaye a lokaci guda. Shawarata ga matasa, in tsoho ya ba da labarin da ya fi ƙarfin kanku, kada ku yi saurin cewa ya ruɗe. In kuma aka nemi shaidarku, ku faɗi gaskiya ko da za ta tona inda kuke zuwa ran Asabar. Liman da kansa, daga baya na ji, ba ya wuce fim ɗin kaboyi a talabijin.