Tikitin Dawowar Da Ban Saya Ba

A shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da shida, haifaffen Kano, karatuna bai wuce sakandare ba. Shekarata biyu ke nan a Guangzhou ina raka 'yan kasuwarmu cikin manyan shagunan tufafi na Guangyuan Xilu, ina yi musu tafinta da 'yan kalmomin Sinancin da na tsinta a bakin masu shago. Gaisuwa na iya, da ciniki, da ƙirga lamba, amma sai na riƙa ji kamar ƙasar duka a tafin hannuna take. Kullum in na tashi daga aiki sai na bi ta gaban tashar jirgin ƙasa, in tsaya ina kallon allon da ke nuna sunayen garuruwa da jan rubutu. Ba na iya karanta su, amma a raina kowane suna gari ne mai duwatsu da kogi, ina ganin kaina a jikin taga ana wucewa da ni ta cikinsu.

A nan bakin tasha na haɗu da wasu Turawa biyu, mace da namiji, kowa da ƙatuwar jaka a baya. Suka ba ni labari cewa a nahiyarsu akwai kati guda da mutum zai saya ya yi wata yana hawan jirgin da ya ga dama, amma su a nan China ɗaya-ɗaya suke sayen tikiti. In gari ya yi musu daɗi su zauna, in sun gaji su je tasha su yanki na gaba. Suka ce ya fi araha, kuma babu mai yanka musu rana. Maganar nan ta zauna mini a rai, na yi ta juya ta har a cikin sallah, Allah ya yafe mini.

Ana haka wani aminin mahaifina ya zo saro kaya. Dattijo ne mutumin Maraɗi, Baba nake ce masa, yana da ciwon suga amma ba ya son a yi zancen. Shekaru yana zuwa Guangzhou, bai san ko'ina ba sai shago, masauki da masallaci. Da ya gama loda kayansa, saura kwana tara jirginsa ya tashi, kuma ranar ce bizarsa ke ƙarewa. A shekarar an tsaurara sosai saboda wasannin, ba a ƙara wa kowa ko kwana ɗaya cikin sauƙi. Sai ya ce mini ya daɗe yana jin labarin wani tsohon masallaci a birnin Xi'an, yana so ya yi sallah a ciki kafin ƙarfinsa ya ƙare, in zan raka shi. Ban bari ya rufe baki ba na amsa.

Ya aike ni wurin wata mata mai ofishin tafiye-tafiye a wani otal da ke Liuhua Lu. Ta yi mini bayani a hankali cewa ba su da irin katin Turawa, amma in na biya gaba ɗaya za ta haɗa mana zuwa da dawowa, da gadon kwanciya a cikin jirgi, mutanenta su kawo mana tikitin dawowa har masauki. Sharaɗi ɗaya ne, ranakun ba sa canzawa. Ta ƙara da cewa lokacin hutun makarantu ne, jirage a cike suke. Na tsaya ina kallon takardar da ta rubuta ranakun, sai na ji kamar za a ɗaure mini ƙafa. In muka je na ji ina son wucewa gaba fa? Na ce mata zan yi shawara, na wuce tasha na yanki na zuwa kaɗai. Da na koma masauki Baba ya tambaye ni biyen dawowa, haka yake kiran tikiti irin na mutanen Nijar. Na dafa aljihun rigata na ce masa an gama komai, ya kwantar da hankalinsa. Ya sa mini albarka.

Ba zan ɓoye ba, tafiyar nan ita ce mafi daɗin abin da na taɓa yi. Gonakin shinkafa kore shar sun yi ta gudu a jikin taga, hazo ya kwanta a wuyan duwatsu, jirgi ya shiga rami a yi duhu, ya fito a buɗe mana wata sabuwar duniya. Baba yana zaune a gefen gadonsa da carbi, yana tsokanata wai Bakano ya ga ruwa ya manta ciniki. Na ce masa ai shi ma Maraɗi ba su da jirgin da zai gwada da wannan. Ya yi dariya ya ce to, yau dai ƙauyawa biyu ne a jirgi ɗaya. Masallacin kuwa ba irin wanda muka sani ba ne. Kamar lambu yake, ƙofa bayan ƙofa, rufi mai lanƙwasa, tsofaffin itatuwa da tsuntsaye. Dattawa masu fararen huluna suka kama hannun Baba suna yi masa sallama da Larabcin da muke ji sarai. Bayan la'asar na gan shi zaune a inuwa, hawaye na bin gemunsa, yana murmushi.

Kwana uku ina cikin wannan maye. Kullum sai na ce wa kaina gobe zan je tasha, sai kuma in ɓuge da kallon taswira ina lissafin garuruwan da ke yamma, ina tunanin yadda zan shawo kan Baba mu ƙara gaba kaɗan. A rana ta huɗu na je. Layi ya fito har waje. Da na isa taga na faɗi Guangzhou, mai sayar da tikitin ba ta ko ɗaga kai ba ta ce meyo, wato babu. Gobe meyo, jibi meyo, gado babu, kujera babu. Na zagaya ofisoshin jirgin sama, abin da ya rage ya fi ƙarfinmu, don kuɗin Baba duk sun zama kaya a kwantena. Abin da na samu kawai shi ne tikitin tsaye, wanda ake ba mutum izinin shiga jirgi amma ba shi da wurin zama, a tafiyar da ta fi yini da kwana.

Sai a bakin jirgi na faɗa masa gaskiya. Ya gyara jakarsa ya shiga. Muka samu lungu kusa da tukunyar ruwan zafi, mutane maƙil, wasu a kan buhu, wasu a ƙarƙashin kujera. Na saya masa 'yar kujerar naɗi, amma duk lokacin da mai tura keken abinci ya zo sai ya miƙe. A ɗaya daga cikin wucewar ne tayar keken ta taka masa babban yatsan ƙafa. Ya ce ba komai, bai ma ji ba. Ni da jahilcina sai na ji daɗi, ban san rashin jin shi ne abin tsoron ba. Wata mata ta ba shi kujerarta na ɗan lokaci, Allah ya saka mata. Da gari ya waye ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Gonakin nan dai suna wucewa a taga kamar yadda suka yi da farko, na kasa ɗaga ido in kalle su.

A lokacin ne ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce, “Ɗana, da ka ce mini babu tun a Guangzhou, wataƙila da na ce mu tafi a haka. Amma da ni na zaɓa. Ƙafafun nawa ne.”

Mun iso ana saura yini ɗaya, ya samu jirginsa, bizarsa ba ta ƙare a kansa ba. Na raka shi filin jirgi da silifas a ƙafa yana ɗingishi, ya ce in gaida mahaifina. Bayan wata biyu mahaifina ya kira ni ya ce ciwon yatsan ya ƙi warkewa, an yanke ƙafar daga idon sawu. Baba bai gaya wa kowa yadda aka yi ba, har mahaifina ya rasu yana yaba mini a kan yadda na kula da amininsa. Na je Maraɗi na durƙusa na nemi gafara. Ya ce ya yafe tun a jirgi, ya kuma ce masallacin yana zuwa masa a mafarki. Bai sake taka China ba.

Ban rubuto don in ce sayen tikiti ɗaya-ɗaya laifi ne ba. Ga mai lafiya da lokaci, wanda in an ce masa babu zai iya kwana uku yana jira, hanya ce mai kyau da sauƙi. Ni kuskurena, na auna tafiyar da tsarin mutanen da ke da watanni a gabansu, alhali wanda ke tare da ni kwana tara gare shi da ciwo a jiki. Duk mai shirin tafiya da ranar da ba ta ɗaguwa, ya tabbatar da dawowarsa kafin ya yi mafarkin zuwa, ko da zai ƙara kuɗi. In kuma da wani a hannunka, ka shimfiɗa masa komai ya zaɓa da bakinsa. Ni na zaɓar wa Baba, kuma har yau da ƙafafuna biyu nake tafiya, shi da sanda.