Zaɓen da Ba Mu da Ƙuri'a a Cikinsa

Ni da ƙawata mun san juna tun muna makarantar kwana a Jos. Ita Kirista ce daga wani ƙauye a Filato, ni kuma iyayena 'yan Zariya ne da aiki ya kai su can. Aure ya raba mu, sannan ya sake haɗa mu a Ingila, ni a Levenshulme da ke Manchester, ita a Handsworth da ke Birmingham. Mijinta direban bas ne, kuma dattijo a cocinsu, mutum mai tsabta da son karatu, wanda ba ya iya jin an faɗi abu ba daidai ba ya yi shiru. Mijina yana aiki a kantin magani, shi ma ba ya gudun gardama. Duk bayan 'yan watanni sai mu shiga mota mu je wurinsu ran Lahadi, bayan sun taso daga coci. Ƙawata ta sayi darduma ta ajiye a ɗakin sama domin mu. Mu mata muna kicin, mazan suna falo suna ta kace-nace kan siyasar Najeriya har abinci ya huce, sannan su tashi suna dariya.

'Ya ɗaya Allah ya ba su. A Birmingham aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar da magana sai ta cakuɗa da Turancin 'yan garin. Da ta samu gurbi a jami'a a Manchester, za ta karanci aikin jinya, uwar ta kira ni ta ce, "Ga 'yarki nan na turo miki." Ta kama ɗaki a Ardwick, cikin wani dogon gini na ɗalibai inda kowa ke shiga ya rufe ƙofarsa. Daga can zuwa gidana bas ɗaya ne a kan Stockport Road, don haka yawancin Asabar tana wurina. Shekarar farko ta ba ta wuya ƙwarai. Ta rame, ba ta da ƙawaye, wani lokaci sai ta kwanta a kujerar falona ta yi ta barci kamar wadda ta kwana tana aiki. Na yi iyakacin ƙoƙarina, amma ni ma ina da aiki da yara, abin da nake iya ba ta bai wuce abinci da 'yar hira ba.

A shekara ta biyu sai na ga ta sake. Fuskarta ta cika, tana dariya, tana taya ni yanka albasa ba tare da na ce ta yi ba. Wata Asabar na zuba mata shayi kamar yadda na saba, sai ta ture kofin a hankali.

"Anti, na daina shan shayi."

"Likita ne ya hana ki?"

Ta yi murmushi, ta ce a'a. Sai ta zauna ta ba ni labari. Wasu 'yan mata biyu ne suka yi mata magana a bas, suna sanye da ɗan allo mai suna a ƙirji. Da farko don kunya ta saurare su. Daga baya mura mai tsanani ta kwantar da ita a ɗakin nan na Ardwick, su ne suka riƙa zuwa da miya, suna zama da ita, suna wanke mata kwanuka. Ta bi su cocinsu, ta ga an san sunanta tun zuwan farko, ta ci gaba da zuwa, ta karanta littafinsu, har an yi mata baftisma. Ta ce 'yan Mormon ake ce musu, kuma ba sa shan shayi ko kofi ko giya.

Ni abin da na sani game da su bai wuce samari masu farar riga da ke ƙwanƙwasa ƙofa ba. Na tambaye ta ko iyayenta sun sani. Ta ce ba su sani ba, tana jira hutun Kirsimeti ta zaunar da su. Na ce mata maganar tata ce, ba zan riga ta faɗa ba, amma kada ta daɗe. Ta ce, "Mummy za ta yi kuka kawai. Daddy ne ban san yadda zan yi da shi ba."

Kafin Kirsimeti ta zo, zaɓen Amurka ya matso. A shekarar ne wani ɗan Mormon ya tsaya takarar shugaban ƙasa, yana karawa da shugaban da ke kan mulki, wanda wasu suka dage cewa Musulmi ne a ɓoye ko da yake Kirista ne. Ko'ina maganar ake, a rediyo, a wurin aiki, a shagon mai aski. Wata Lahadi muka tafi Handsworth, yarinyar ta biyo mu a mota don ta ga iyayenta. Ƙawata ta dafa gwaten acca da naman kaza. Rana ce mai haske, an buɗe labulen falo, ana jin bas-bas suna wucewa a bakin titi.

Muna cikin ci aka nuno ɗan takarar nan ɗan Mormon a talabijin yana gaisawa da jama'a. Maigidan ya ajiye cokali ya ce shi da yana da ƙuri'a a can, ko kusa ba zai ba mutumin nan ba.

Mijina ya ce, "Saboda me, Dattijo? Harajinsa ne bai yi maka ba?"

"Ban ma kai ga haraji ba, Alhaji. Mutumin da ya yarda an kawo wani littafi bayan Littafi Mai Tsarki, ya kuma kira kansa Kirista, ta yaya zan amince da hankalinsa a kan ƙasa guda? Abin da mutum ya gaskata shi ke jan ragamarsa."

Mijina ya ce ai mun ga inda irin wannan tunani ya kai mu a gida. Ya tuna masa Jos da suka sani da Jos ta yanzu, unguwar da Musulmi ba ya kwana da wadda Kirista ba ya shiga. Ya ce ga shi ɗaya ɗan takarar ma, ƙaryar cewa Musulmi ne kawai ta isa a ce bai cancanta ba. "Ni nan in na tsaya takarar kansila gobe, da gemuna za a fara, ba da abin da zan yi wa unguwa ba. Kai ka san zafin wannan."

Dattijo ya gyara zama. Ya ce, "Faɗa mini gaskiya. Lokacin da kake gida, ka taɓa dangwala wa wanda ba Musulmi ba?"

Mijina ya ce bai taɓa ba. Ya ce kuma ba ya alfahari da hakan.

"To ka gani. Kowa yana yi, ni dai na faɗa a fili. Kai ma na fi ganin girmanka a kansu. Kai ka ce kai Musulmi ne, na san inda ka tsaya. Su kuwa sun ari sunanmu suna yaudarar mutane. Marasa wayo da masu kaɗaici suke kamawa."

Ina kallon yarinyar. Ta daina ci tun ɗazu, tana juya cokali a kwano. Uwarta ta ce a bar maganar haka nan, abinci yana hucewa, kuma babu mai ƙuri'a a Amurka a ɗakin nan. Amma yarinyar ta riga ta ɗago kai.

"Daddy, in ni ce na tsaya takara, za ka zaɓe ni?"

Ya yi dariya. "Ke kuma me ya haɗa ki da su?"

"Ni ma ɗaya ce daga cikinsu. An yi mini baftisma tun bazara."

Ba wanda ya yi ihu. Ƙawata ta dube ni, ta ga ban yi mamaki ba, ta kau da kai. Dattijo ya daɗe yana kallon 'yarsa, sannan ya tambaye ta ko wasa take yi. Ta ce a'a. Ta fara yi masa bayani, rabin Hausa rabin Turanci, cewa har yanzu tana bin Yesu, cewa ba yaudararta aka yi ba, ta yi karatu ta yi addu'a kafin ta shiga. Bai bari ta gama ba. Ya miƙe ya ɗauki kwat ɗinsa, ya ce zai ɗan taka. Har muka kama hanyar Manchester da la'asar bai dawo ba. A mota yarinyar ta zauna a baya, ta jingina kai da gilashi har muka sauke ta a Ardwick.

Ɗan takarar ya faɗi zaɓe, duniya ta wuce wurin. A gidan Handsworth kuwa maganar ba ta wuce ba. Dattijo bai kori 'yarsa ba, bai kuma zage ta ba. In ta zo hutu yana amsa gaisuwarta, ya tambayi karatu, shi ke nan. Ƙawata ta gaya mini cewa abin da ya fi ci masa rai shi ne a gaban baƙi aka faɗa masa, bayan ya riga ya furta abin da ya furta. Da a ɗaki ne su biyu, in ji ta, wataƙila da ya yi faɗa ya huce. Amma ya riga ya ce marasa wayo ake kamawa, kuma shi ba mutumin da ke janye magana ba ne. Yarinyar ita ma ta riƙe kalmar. Ta ce mini, "Anti, yanzu na san yadda yake kallona."

Ni da ƙawata mun ɗan yi sanyi na wani lokaci, don ta ji ciwon cewa na sani kafin ita. Daga baya ta ce ta gane, kuma ta gode da yarinyar ta samu wanda za ta faɗa wa. Mazan ne ba su sake komawa kamar da ba. Mun ci gaba da zuwa jefi-jefi, amma gardama ta mutu. Sai su zauna suna kallon ƙwallo, suna maganar tsadar mai. Mijina ya ce mini ya yi kewar mutumin da yake faɗa da shi.

Bayan yarinyar ta gama karatu ta samu aiki a asibiti a nan Manchester, ta auri wani saurayi daga cocinsu, ɗan asalin Ghana, mai natsuwa. An ɗaura auren a cocinsu inda kowa zai iya shiga. Ta aika wa mahaifinta, ta kuma je da kanta ta roƙe shi. Ya ce yana da aiki ran nan. Ƙawata ta hau jirgin ƙasa ita kaɗai da ɗaurin ɗankwalinta a jaka, a gidana ta shirya. Muka zauna a layin gaba, ni da hijabina, ita da ashobinta, kujerar da ke gefenta babu kowa. Mijina ne ya tsaya a hoto a inda uba ke tsayawa, kuma na ga bai ji daɗin tsayuwar ba.

Shekaru suka tafi a haka. Da ta haifi ɗanta na fari ta kai shi Handsworth, Dattijo ya karɓe shi ya yi masa addu'a, muka ce to an fara saukowa. Ƙawata ta ce ta kama shi yana karanta wani abu game da 'yan Mormon a wayarsa, ya ce yana so ya san abin da zai tambaye ta. Yana ta shirin yi mata magana, yana ɗagawa daga wannan hutu zuwa wancan. Sai shanyewar ɓarin jiki ta same shi wata safiya yana shirin fita aiki. Ya rayu, amma harshensa ya tafi.

Yarinyar ta rage kwanakin aikinta, ta riƙa hawa jirgin ƙasa zuwa Birmingham duk mako. Ita ke yi masa aski, ta juya shi a gado, ta karanta masa Zabura daga nasa Littafin, ba nata ba. Na je duba shi wata rana na same su a haka. Yana riƙe da hannunta da hannunsa mai lafiya, bakinsa yana motsi, sauti yana fita amma ba kalma. Ta sunkuya ta ce, "Na ji, Daddy." Da muka fito kicin na tambaye ta me ya ce. Ta ce ba ta sani ba.

Ya rasu a shekara ta gaba. Mijina yana cikin waɗanda suka tsaya a bakin kabari har aka gama.

Har yau in zaɓe ya zo, a nan ko a gida, aka fara tambayar wane ne Musulmi wane ne Kirista, ina jin mutane suna magana da ƙarfin zuciya kamar yadda aka yi a falon nan. Ban ce addinin shugaba ba ya da wani tasiri ba, ni ma nawa yana da tasiri a kaina. Amma na lura duk wanda ke yanke hukunci a kan addinin wani mutum na nesa, yana ɗauka babu irinsa a kusa da shi.

Ƙawata tana nan a gidan ita kaɗai. 'Yar tana so ta dawo Manchester kusa da jikoki, ita kuma ta ce cocinta da maƙwabtanta suna Handsworth. Kwanan baya na je na kwana biyu a wurinta. Muna tsinke alayyafo a kicin sai ta ce mini jikanta babba ya tambaye ta wane irin mutum ne kakansa.

"Me kika ce masa?"

"Na ce masa mutum ne mai son magana." Ta ci gaba da tsinkar ganyen. "Yaron bai yarda ba. Shi tun da ya yi wayo bai taɓa jin muryarsa ba."